Abin da ƙamshi yake yi wa ƙwaƙwalwar da ta gaji

Akwai wata irin gajiya da ba ta taɓa ƙafafu ko gadon baya, amma tana hana mutum aiki kamar yadda ciwon jiki yake hanawa. Ɗalibin da ya wuni yana bitar darasi ya san ta, haka ma malamin da ke duba takardun jarrabawa tun safe, da akawun da ke fama da lissafi, da direban da ya taso daga Sakkwato ya wuce Gusau ya doshi Funtuwa. Ido yana buɗe, yana bin layukan da ke kan takarda ɗaya bayan ɗaya, sai mutum ya kai ƙarshen shafi ya tarar babu abin da ya zauna masa a kai. A garinmu abin ya fi tsananta daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 da rana, barcin dare kuma ya gagara idan babu wuta, kuma a daidai wannan lokaci ne yaranmu suke shirin jarrabawar JAMB da ta WAEC.

Kowa da dabararsa ta yaƙar wannan hali. Wani goro yake ci, wani shayi mai citta da kanumfari yake sha, wani kuma ya tashi ya watsa ruwa a fuska. Amma akwai dabarar da ke bi ta hanci, wadda ta yaɗu tsakanin ɗalibai da direbobi fiye da yadda ake zato: a lakaci man Robb ko man zaiti a shafa a ƙasan hanci, ko a jefa alewar TomTom a baki, ko a murza ɓawon lemo a shaƙa. Masu yin haka suna cewa kansu yana washewa nan take, kuma ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya kamata a bi diddiginsa shi ne iyakar wannan washewa, domin binciken masana ya nuna cewa ƙamshi yana taimakon wanda ya gaji, sai dai taimakon ɗan kaɗan ne, ba ya daɗewa, kuma ya dogara ga lokacin da aka shaƙa da abin da mai shaƙar ya riga ya sa a ransa.

Tun a 1948 wani masani ɗan Ingila mai suna Norman Mackworth ya auna wannan gajiya, bayan da aka lura a lokacin yaƙin duniya na biyu cewa sojojin da ke zaman kallon na'urar rada mai hango jirage sukan kasa ganin alamar da ke gabansu idan zaman ya yi tsawo. Ya zaunar da mutane na tsawon sa'a biyu suna kallon hannun wani agogo da ke tafiya taki-taki, aka ce su danna maɓalli duk lokacin da hannun ya tsallake taki ɗaya, kuma bayan rabin sa'ar farko kawai kuskurensu ya fara yawa. A 2022 wasu masu bincike a birnin Faris na Faransa suka ƙara haske a kan dalili. Sun ba wasu mutane aikin tunani mai wuya na sama da sa'a shida, wasu kuma mai sauƙi, sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wani sinadari da ake kira gulutamet ya taru a ɓangaren gaban ƙwaƙwalwar masu aikin wuya, wato ɓangaren da ke kula da kame kai da yanke shawara. Da yamma ta yi, waɗannan mutane sun fi karkata ga zaɓen ƙaramin lada na nan take a kan babban lada da sai an jira. Ban da wannan akwai sinadarin adenosin, wanda yake taruwa muddin mutum yana farke, shi ne kuma yake sauko da nauyin barci a kan ido. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi ba ya kawar da adenosin, toshe masa wurin zama kawai yake yi na wasu sa'o'i. Ke nan gajiyar tunani abu ne da ke da tushe a jiki, ba lalaci ba ne kamar yadda wasu iyaye suke ɗauka idan suka ga yaro ya kifa kai a kan littafi.

Hanci yana da wata hanya ta musamman zuwa ƙwaƙwalwa. A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin jijiya masu kama ƙamshi da wari, kuma Linda Buck da Richard Axel, waɗanda suka gano asalin halittar makaman da ke jikinsu, wato 'yan wuraren da ƙamshi ke maƙalewa, a 1991, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2004 saboda wannan aiki. Ɗan Adam yana da irin waɗannan makamai kusan kala 400. Abin da ido ya gani ko kunne ya ji sai ya fara biyawa ta wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin ya isa inda za a fassara shi, amma saƙon hanci yana isa kai tsaye ga sassan da ke kula da motsin rai, yana kuma dab da sashen ajiye tunani. Shi ya sa ƙamshin turaren da kakar mutum take amfani da shi kan dawo masa da ɗakinta gaba ɗaya kafin ma ya tuna sunan turaren.

Sai dai abin da ke faruwa idan an shafa Robb ba ƙamshi ne zalla ba. Sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a da irin waɗannan mayuka yana taɓa wata jijiya daban, jijiyar fuska mai rassa uku, wadda ita ce ke kai saƙon zafi da sanyi da raɗaɗi daga fuska, ita ce kuma take sa hawaye idan ana yanka albasa. Mentol yana kunna makamin da jiki ke jin sanyi da shi, wanda aka gano a 2002, don haka mutum yake jin kamar iska mai sanyi ta ratsa masa hanci, alhali ko ƙofar hancin ba ta ƙara faɗi ba. Wannan ɗan razanarwa ce take farkar da mutum.

Gwajin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne wanda Joel Warm da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Sinsinati ta Amurka a 1991. Sun sa mutane aikin sa ido a kan allo na minti 40, suna aika musu da iska ta cikin takunkumin fuska na daƙiƙa 30 lokaci zuwa lokaci. Wasu iskarsu tana ɗauke da ƙamshin na'a-na'a, wasu da ƙamshin wani fure da aka san shi da kwantar da hankali, wasu kuma iska ce tsura. Waɗanda suka sami ƙamshi, ko na na'a-na'a ko na furen, sun fi sauran gano alamomin da ake nema. Amma da aka tambaye su yadda suka ji aikin, duk sun ce ya gajiyar da su ya kuma takura su daidai da sauran. Abu biyu nake gani a nan. Na farko, tunda ƙamshin da ake cewa mai farkarwa ne da wanda ake cewa mai kwantarwa ne sun yi aiki iri ɗaya, akwai alamar cewa zuwan wani sabon abu jefi-jefi a tsakiyar aiki mai gundura shi ne babban sirrin, ba nau'in ganyen ba. Na biyu, ƙamshin bai rage gajiyar ba ko kaɗan, ya dai sa an yi ɗan abin kirki a cikinta.

Mark Moss na Jami'ar Northumbria a Ingila ya daɗe a kan wannan fage. A 2003 ya gwada mutum 144, ya tarar ƙamshin furen lafanda ya rage musu saurin amsawa da ƙarfin riƙe abu a kai na ɗan lokaci, ƙamshin ganyen rozmari kuma ya inganta tunawa amma ya rage saurinta. A 2008 ya sake gwaji da na'a-na'a, ya ga ta ƙara ƙarfin tunawa da jin farkawa. A 2012 shi da abokiyar aikinsa suka auna jinin mutum 20 da suka zauna a ɗaki mai ƙamshin rozmari, suka ga waɗanda sinadarin siniyol ya fi yawa a jininsu sun fi yin daidai a wani gwajin lissafi. Wannan siniyol shi ne babban sinadarin da ke cikin ganyen bishiyar turare da ake tatsar man zaiti daga gare ta, don haka masu sayar da mayukan ƙamshi a intanet suke son ambaton binciken. Abin da ba sa ambata shi ne mutum 20 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma bambancin da ake samu a irin waɗannan gwaje-gwaje yawanci ƙarami ne, na'ura ce take iya auna shi, ba irin wanda zai mayar da ɗalibin da bai yi karatu ba ya zama zakara ba.

Na ga iyakar abin da idona a gidan ƙanwata, lokacin da ɗiyarta take shirin jarrabawar fita sakandare. Dare ya raba, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida saboda zafin ɗaki, fitilar caji a gefe, littafin nazarin halittu a cinya, ɗan gwangwanin Robb a buɗe kusa da ƙafarta. Ta shafa shi a ƙasan hanci, ta ƙara har a kan fatar ido, idanun sun yi ja suna zubar da ruwa. Na ce mata ta je ta kwanta, sai ta ce, "Kawu, in na shafa shi kwana ba shi ɗauka ta." Na karɓi littafin na tambaye ta abin da ke shafin da ta gama yanzu, ta faɗi kan maganar, daga nan ta yi shiru. Man ya riƙe mata ido a buɗe, amma bai buɗe wurin da karatu yake shiga ba. Lamarin kamar bulala ne ga jakin da ya gaji da kaya: zai zabura ya yi 'yan taku da sauri, amma kayan suna nan a bayansa. Shafa irin wannan mai kusa da ido kuwa ganganci ne, domin kafur da mentol suna ƙona wannan fata mai laushi.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa dabarar take mutuwa da wuri, wato sabon hanci. Duk wanda ya shiga gidan jima a cikin gari ya san warin fata da ruwan jima kan buge shi tun daga ƙofa, amma majemin da ke ciki yana cin abincinsa hankali kwance. Ƙwayoyin hanci suna rage amsawa ga ƙamshin da bai sauya ba cikin 'yan mintuna. Saboda haka wanda ya cika ɗakin karatunsa da turare tun farkon zama ya yi asarar turarensa ta wannan fuska, domin kafin gajiya ta zo hancinsa ya daina ji. Masu gwajin Sinsinati ba su bar ƙamshin yana zuba ba, sun riƙa sakinsa suna ɗaukewa.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne rawar da zato da sabo suke takawa. A wani gwaji da Estelle Campenni ta jagoranta a Amurka a 2004, an ba mutane ƙamshi aka gaya wa wasu cewa mai farkarwa ne, wasu kuma aka ce mai kwantarwa ne, sai bugun zuciyarsu ya bi abin da aka gaya musu, ba nau'in ƙamshin ba. Rachel Herz, wadda ta yi aiki a Jami'ar Brown, ta nuna wani abu makamancin haka da yara 'yan shekara biyar a 1999: an ba su wasan da ba ya warwaruwa a ɗaki mai wani ƙamshi har ransu ya ɓaci, daga baya aka ba su wani aikin tunani, sai waɗanda aka sake sa wa wannan ƙamshi suka fi sauran kasawa. Ƙamshin ya ɗauko ɓacin ran ya biyo su da shi. Wannan yana nufin sakamakon da aka samu da lafanda ko rozmari a Ingila ba za a ɗauko shi a ɗora wa Basakkwace kai tsaye ba, domin ƙwaƙwalwarmu da wasu ƙamsoshin ta tashi. A wurinmu almiski da sandal suna tafiya da wankan Juma'a da sahun masallaci, tunda shafa turare ranar Juma'a sunna ce, humra kuma tana tafiya da ɗakin amarya, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yana tafiya da sauƙin da ke zuwa bayan bazara. Ina ganin mutumin da ya saba shafa wani turare duk lokacin da zai zauna karatun Alƙur'ani da asuba, cikin natsuwa, yana da abin da ya fi man da aka sayo daga waje da tsada, domin ya riga ya koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa wannan ƙamshi da tattara hankali tare suke zuwa. Haka nan ɗalibin da ba ya taɓa Robb sai ya kai maƙura a gajiya da fargaba yana iya wayar gari ƙamshin ya zame masa alamar fargabar.

Da za a tambaye ni inda ya kamata a fara, da na ce a fara da cire abin da ke ɓata iska kafin a yi maganar ƙara ƙamshi. James Rotton ya nuna tun 1983 cewa wari yana rage ƙwazon mutane a aiki mai sarƙaƙiya kamar gyaran rubutu, ko da yake bai taɓa su a lissafi mai sauƙi ba. Ajin da ke kusa da bola ko kwata, da ofishin da hayaƙin janareta ke shigowa ta tagarsa, suna cin wani kaso na hankalin waɗanda ke ciki kowace rana. Sannan akwai abin da hanci ba ya ji sam. Iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa tana kusan kashi 420 cikin miliyan a fili, amma a ɗakin da aka cika da mutane aka rufe tagogi takan ninka haka sau da yawa, kuma wani gwaji da aka yi a Kalifoniya a 2012 ya sami raguwar iya yanke shawara a kashi 1,000, da raguwa mai yawa a kashi 2,500. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su sami tasiri mai girman haka ba, amma babu mai musun cewa ɗaki mai shaƙaƙƙiyar iska yana kawo kasala da ciwon kai.

A nan ne nake da ja da yadda muke amfani da turaren wuta, duk da irin son da nake yi masa. Da hunturu, idan hazo ya sauko, sai a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a kawo kasko da garwashi a barbaɗa turare, hayaƙi ya tashi fari ya tsaya a ƙarƙashin silin, yara kuma suna kwance a ƙasa suna aikin gida da aka ba su a makaranta. Ƙamshin yana da daɗi, amma hayaƙi hayaƙi ne. Yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, garwashin kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, wadda kuma alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da jin barci, wato daidai abubuwan da mai karatu yake gudu. Ga mai asma kuwa abin ya wuce maganar karatu. A turara ɗaki tun kafin a zauna, a fitar da kaskon, a bar iska ta ratsa, ƙamshin da ya kama labule da tufafi ya isa.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne a kan hanya. Wani bincike da Drew Dawson da Kathryn Reid suka wallafa daga Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, ƙwazonsa yana faɗuwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da dama suka sa wa mai tuƙi. Direban da ya kwana a tasha yana jiran lodi, ya kama hanya da goro a baki da man zaiti a hanci, zai ji kansa garau na 'yan mintuna, kuma wannan jin garau ɗin ne yake hana shi tsayawa a lokacin da ya kamata ya tsaya. Idan barci ya riga ya ɗauke mutum kuwa, hanci ba mai gadi ba ne. Mary Carskadon da Rachel Herz sun gwada haka a 2004 da na'a-na'a da wani sinadari mai mugun wari, suka ga ba sa tayar da wanda barcinsa ya yi nisa, alhali ƙara tana tayar da shi.

Wurin da ƙamshi ya fi nuna amfani, a ganina, shi ne cikin hutu. A Japan a 2005, Reiko Sakamoto da abokan aikinta sun sa ɗalibai aikin kwamfuta na sa'a guda-guda da hutun rabin sa'a a tsakani, wasu suna shaƙar lafanda a lokacin hutun, wasu furen yasmin, wasu babu komai. A zangon bayan azahar, lokacin da hankalin kowa yake faɗuwa, waɗanda suka huta da lafanda sun fi riƙe natsuwarsu. Lafandar da ta rage saurin mutane a gwajin Moss, lokacin da aka shaƙe ta ana cikin aiki, ita ce ta taimaka a nan da aka shaƙe ta ana hutawa. Mu da muke da al'adar ƙailula ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan: ɗan barcin minti 20 bayan azahar a wuri mai iska, da turaren da mutum ya saba samun natsuwa da shi, ya fi a yi ta dannar kai har la'asar.

Har cikin barcin dare ma an gwada. A 2007 masu bincike a Jami'ar Lubek ta Jamus, ƙarƙashin Jan Born, sun sa mutane haddace wuraren da wasu katuna suke a kan allo suna shaƙar ƙamshin furen wardi, sannan suka sake sakar musu ƙamshin a lokacin barci mai nauyi na farkon dare. Da safe sun tuna kusan kashi 97 cikin ɗari na katunan, a daren da ba a sakar musu ƙamshin ba kuwa kashi 86 suka tuna. Dabarar ba ta yi aiki ba da aka saki ƙamshin a matakin barcin da ake yawan mafarki, ba ta kuma yi wa waɗanda ba su shaƙi ƙamshin lokacin haddar ba. Ɗalibin da yake son jarraba wannan a gida ba ya buƙatar kasko ko garwashi, ɗigon turaren ruwa a ƙyalle ya wadatar, a ajiye shi a gefen littafi lokacin bita sannan a gefen matashi lokacin kwanciya, da sharaɗin cewa zai kwanta da wuri har ya sami wannan barci mai nauyi da gwajin ya dogara a kansa.